Rubutun da Ke Jikin Takardar Cakulan

Ranar da na fara ganinsa faɗa muka yi.

Ina aiki ne a wani shagon buga takardu, ni ce mai tsara rubutu da zane a kwamfuta. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ya shigo, dogo ne har sai da ya ɗan rusuna kafin ya wuce ƙofa. Ya ajiye mini wata takarda da ya zana da biro, ya ce shi mai yin cakulan ne, yana da ɗan shago a bayan tashar mota, yana son a buga masa takardar da zai riƙa naɗe kayansa.

Na duba zanen, na kasa riƙe dariya. Wai ƙwayar koko ya zana, wadda ake yin cakulan da ita.

"Malam, wannan kifi ne ko takalmi?"

Ya murtuke fuska ya miƙo hannu zai karɓe abinsa, na riƙe gam. Ya ce shi ba wulaƙanci ya zo nema ba, akwai shaguna da yawa a layin. Na ce akwai su, amma duk inda ya je dariyar nan za a yi masa, gara ni da na yi a gabansa. Ya tsaya yana kallona kamar zai ƙara magana, sai ya juya ya fita.

Washegari ya dawo. Ya ajiye wani ɗan baƙin abu a kan teburina, ya ce in ɗanɗana tukuna kafin in sake yi wa sana'arsa dariya. Na sa a baki. Da farko ɗaci na ji, har na yatsine fuska, sai ya narke a hankali, wani ƙamshi ya cika mini baki har hanci. Ban taɓa cin irinsa ba.

"To yaya?"

"Kifin naka da daɗi," na ce.

A ranar na fara jin dariyarsa.

Kowa Dogo yake ce masa, ni ma haka na bi. Ni kuma Auta ake kirana a gida, ya ji a bakin yayana wata rana ya ɗauka, ya ƙara nasa a kai, na koma Autata.

Shagonsa ɗaki ɗaya ne da ɗan zaure. A ciki akwai tanda inda yake gasa ƙwayar koko, da injin niƙa mai duwatsu biyu da ke kwana yana juyawa, da wani faffaɗan teburin dutse mai sanyi. In na tashi aiki da yamma nakan biya in zauna a kan wani benci ina kallonsa. Zai zuba narkakken cakulan a kan dutsen, ya riƙa shimfiɗa shi yana tattarawa da ƙarfe mai faɗi, can sai ya ɗiga kaɗan a leɓensa na ƙasa don ya ji zafinsa. In ya yi daidai sai ya gyaɗa kai shi kaɗai. Ba ya son a yi masa magana a wannan lokacin, ni kuwa a lokacin surutu ya fi zo mini.

Ciniki kuwa sai a hankali. Mutane za su shigo, su ɗanɗana, su ce ɗaci ya yi yawa, su tafi su sayi na kanti mai zaƙi. Shi ko a jikinsa. Ya ce wanda ya san abu zai zo.

Mu uku ne a gidanmu tun da Baba ya rasu: Mama, da Yaya, da ni. Daga baya Yaya ya yi aure ya koma wata unguwa da iyalinsa, muka rage ni da Mama. Tana da ciwon sukari da hawan jini tun ina makaranta. Kullum da safe ni nake ba ta ƙwayoyinta, fara guda, ja guda, kullum kuma sai ta yi mita. Ta ce jar tana sa ta jiri, tana sa ta zirga-zirgar banɗaki kamar wadda aka aika.

Mama mace ce mai son zaƙi. Shekara goma sha biyu likita ya raba ta da shi, ba ta taɓa yafe masa ba. In ta gan ni ina zuba sukari a shayi sai ta bi cokalin da ido har ya shiga kofi.

Ranar da na kawo Dogo ya gaishe ta, da ya zauna a ƙasa sai ta ce to yanzu ne suka yi daidai da tsayi. Ta tambaye shi sana'arsa, ya faɗa, ta dafa ƙirji ta ce wato duk mazan garin nan ban ga wanda zan kawo mata ba sai mai sana'ar abin da aka hana ta. Tun daga ranar ta koma kiransa ɗana. In ya kwana biyu bai zo ba, ni take tuhuma.

Bai taɓa kawo mata cakulan ba. Ta roƙe shi da wasa, ta roƙe shi da gaske, yakan ce, "Mama, ki nemo mini takarda daga likita, ni kuma in kawo miki buhu."

Ni ce na ɓata wannan.

A wancan lokacin wani yayi ya shigo. Duk inda ka buɗe waya, maganar baƙin cakulan ce. Wannan ya ce yana gyara zuciya, wancan ya ce yana sauke hawan jini, wata ta ce tun da ta fara ci fatarta ta yi laushi, barcinta ya gyaru. Har a rediyo na ji ana hira a kai. Na karanta wani dogon rubutu da ke cewa masana sun yi bincike. Gaskiya ban kai ƙarshensa ba, kan labarin da layi biyar na farko na karanta, na ji kamar an yi mini bushara.

Na tashi aiki da wuri na nufi shagon Dogo da sabon zane a wayata. A ƙarƙashin sunan shagon na rubuta da manyan baƙaƙe: ABOKIN ZUCIYA, MAGANIN HAWAN JINI.

Ya karanta, ya miƙo mini wayar.

"Ki cire wannan."

"Saboda me? Kowa faɗa yake yi."

"Ni mai cakulan ne, Autata, ba likita ba. Akwai sukari a ciki. Kaɗan ne, amma akwai."

"Masana ne suka faɗa fa..."

"To su rubuta a nasu."

Na yi fushi. Na ce masa shekara uku yana niƙa da gasawa, har yanzu a ɗakin yayarsa yake kwana. Na ce Yaya ya fara tambayata da me zai riƙe ni. Na ce in har yana son aurena da gaske, ba zai tsaya yana jayayya a kan kalma biyar ba. Na san inda zan taɓa shi, kuma can na taɓa.

Ya daɗe yana goge teburin da babu komai a kansa. Daga ƙarshe ya ce in yi yadda na ga ya dace. Bai kalle ni ba da ya faɗa.

Na buga takardun da hannuna.

Cikin wata biyu shagon ya canza. Mata masu motoci suna tsayawa a ƙofa, ma'aikatan ofis suna aikowa, tsofaffi suna zuwa da 'ya'yansu su ce a ba su na hawan jinin nan. Ya ƙara injin niƙa na biyu. Duk wanda ya tambaye shi ko da gaske magani ne, yakan ce su ci kaɗan, kuma kar su bar maganin asibiti. Amma wa ke sauraron mai shago alhali ga rubutu a takarda?

Yaya ya sauko. Manyan Dogo suka zo, aka tsayar da ranar aurenmu, wata huɗu masu zuwa. Muka je muka ga gidan da zai kama mana, ɗaki biyu, nesa kaɗan da Mama. Ya tsaya a tsakar ɗakin da babu komai ya ce, "Nan za ki riƙa damuna da surutu har mu tsufa, abar ƙaunata." Na ce ai bai ji komai ba tukuna.

A cikin wannan murna ne na fara kai wa Mama. Na ɗauko daga shagon ban faɗa masa ba. Na karanta mata rubutun da ke jiki, na nuna mata bidiyoyin da ke wayata. Na ce wannan ba irin na kanti ba ne, wannan ma magani ne.

Yadda ta rufe ido da ta sa a baki ba zan manta ba. Ta ce, "Auta, ashe da sauran daɗi a duniya."

Na ce gutsure ɗaya a rana. Ta ce to. Daga nan na riƙa kawo mata duk mako, har ta kai ina ajiye mata da yawa a ɗaki. Hidimar biki ta ɗauke mini hankali, na daina tsayawa a kanta sai ta haɗiye ƙwayoyi. Ina ajiye mata a faranti in fita da sauri. In na dawo farantin babu komai, sai in ce alhamdulillahi.

Saura mako biyar biki, wata Talata da hantsi, maƙwabciyarmu ta kira ni a wajen aiki. Ta ce in zo yanzu, ta leƙa ta tarar da Mama a ƙasa kusa da murhu, bakinta ya karkace.

Ban san yadda na isa asibiti ba. Na tarar da Yaya a baranda yana kai da komo. Ba a jima ba Dogo ya iso, ko rigar aikinsa bai cire ba, duk ta ɓaci da cakulan.

Likitar mace ce mai ƙaramar murya. Ta ce jijiya ce ta fashe a kan Mama, ɓarin jikinta na dama ya shanye, maganarta ma ta tafi, ba ta san ko za ta dawo ba. Ta ce jininta ya hau sosai, sukarinta ma haka, ta tambaya ko tana shan maganinta. Na ce kullum.

Matar Yaya ce ta koma gida ɗauko wa Mama kaya. Da ta dawo sai ta kira mijinta gefe ta ba shi wata leda. Ya buɗe a gabanmu. Ƙwayoyi ne, farare da jajaye, sun fi cikin tafin hannu biyu, ta same su ƙunshe a ƙarƙashin katifa. Tare da su akwai takardun cakulan, an linke kowace da kyau an jera, kamar yadda Mama ke adana duk abin da take so.

Yaya ya zaro ɗaya ya karanta a fili. Ya kai wa likita. Ta duba, ta yi ajiyar zuciya, ta ce ɗan gutsure ba zai kashe mutum ba, wataƙila ma yana da ɗan amfaninsa, amma ba magani ba ne, kuma ba zai taɓa tsayawa a madadin magani ba. Ta ce da alama Mama ta yi makonni ba ta sha komai ba.

Yaya ya juyo ya nufi Dogo. Bai ɗaga murya ba da farko.

"Kai ka rubuta wannan?"

Dogo ya dubi takardar, sannan ya dube ni.

Taku uku ne tsakaninmu. Abin da zan ce bai fi kalma biyu ba. Na buɗe baki, na hango Mama ta tagar ɗakin, an sa mata roba a hanci, na ga idon Yaya ya kaɗa ya yi ja, sai harshena ya yi nauyi. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Can Dogo ya ce, "Shagona ne. Ka yi haƙuri, Yaya."

Yaya ya shaƙe wuyan rigarsa ya haɗa shi da bango. Ya kira shi maci amana, ya ce ya shigo gidanmu da sunan so ya kashe mana uwa don ya yi kuɗi. Sai da masu gadi suka zo suka raba. Dogo bai ɗaga hannu ba, bai kuma ce shi bai taɓa ba Mama ko gutsure ba. Ya gyara rigarsa, ya tsaya a bakin tagar ya daɗe yana kallon Mama, sannan ya tafi.

Da yamma Yaya ya tsaya a ƙofar asibitin ya ɗauki bidiyon kansa a waya. Ya nuna takardar, ya nuna ƙwayoyin, ya faɗi sunan shagon da layin da yake, yana magana yana kuka. Kafin kwana biyu babu wayar da bidiyon bai shiga ba. Mutanen da jiya suke yabon baƙin cakulan, su ne yau suke cewa dama sun san guba ce. Wata ta ce ita ma kanta ya yi ciwo da ta ci. Wani ya ce a kama shi.

Jami'an duba abinci suka zo suka rufe shagon, suka kwashe takardun. Wasu suka fasa masa gilashin taga, suka rubuta MAI GUBA a ƙofa da fenti. Aka fasa aure. Yaya ya aika wa manyansa cewa kar wani ya sake tako mana gida.

Duk wannan ina gani. Kullum in na tashi sai in ce yau zan faɗa. Kullum sai in ce bari Mama ta ɗan samu sauƙi tukuna, bari zuciyar Yaya ta huce. Dogo ya kira ni sau uku a makon farko, ina kallon sunansa a waya har ta katse. Ya turo saƙo guda: "Yaya jikin Mama?" Ko shi ban amsa ba, don ban san da wane baki zan amsa ba.

Bayan wata ɗaya aka sallamo Mama. Na ajiye aiki. Rayuwata ta koma ɗaki ɗaya: in juya ta duk bayan awa biyu don kar bayanta ya yi gyambo, in yi mata wanka, in canza shimfiɗa, in ba ta abinci da ƙaramin cokali. Matar Yaya ta gwada, 'yar'uwar Mama ta gwada, amma Mama takan datse baki ta juya kai. Daga hannuna kaɗai take karɓa.

Hankalinta yana nan. Duk wanda ya shigo sai ta bi shi da ido, sannan ta mai da idon ƙofa. Wata rana Yaya yana zaune yana zagin Dogo, sai ta fara wani gurnani, tana buga katifa da hannun hagu, tana girgiza kai. Yaya ya ce, "Kin gani? Ko sunansa ba ta son ji." Ni na san abin da take nufi. Ta juyo da ido kaina, ba harara ba ce, jira ne.

Sai da na kai wata biyar kafin na iya.

Yaya ya zo da rana ya kawo magunguna. Na tare shi a zaure na faɗa masa komai, tun daga rubutun da ban karanta ƙarshensa ba har farantin da nake ajiyewa in fita. Na ce Dogo ya hana, ni na tilasta. Na ce bai taɓa ba ta ba, ni ce.

Ya zauna a kan dakali. Ya ce maganar ta tsaya a nan. Ya ce abin da ya faru ya riga ya faru, in na fita da ita ni za a tsine wa, shi kuma a ce maƙaryaci ne, gidanmu ya zama abin nuni. Na ce to shi Dogo fa? Ya ce namiji ne, zai nemi wata hanyar.

Ban ji maganarsa ba. Na jingina waya da kofi, na zauna na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, na saka bidiyon a inda Yaya ya saka nasa. Na zauna ina jiran duniya ta faɗo mini a ka.

Ba abin da ya faɗo. Mutane sun wuce wajen tuni, yanzu maganar wani ganyen shayi ake yi mai rage ƙiba. 'Yan tsiraru ne suka kalla. Ɗaya ya rubuta cewa an biya ni ne, wata ta tambaye ni inda na sayi mayafina. Abin da na samu kawai shi ne Yaya ya daina yi mini magana, sai dai ya ajiye magani a zaure ya juya.

Yayar Dogo ce ta faɗa mini inda zan same shi, bayan ta gama faɗa mini abin da ke ranta, kuma ban ga laifinta ba. Ya sayar da injinansa, yana tuƙa motar wani kamfanin ruwan roba. Na roƙi maƙwabciyarmu ta zauna da Mama na awa ɗaya.

Na same shi a bakin sito yana jiran a gama lodi. Ya rame, ya ƙara tsawo a idona. Da ya gan ni bai yi mamaki ba. Ya sauke mini wani akwati ya ce in zauna, shi ya tsaya.

Abin da ya fara tambaya jikin Mama. Na faɗa masa. Ya ce ya ga bidiyona, yayarsa ta nuna masa.

"Ka yafe mini," na ce. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu, wannan kaɗai ya rage.

"Na yafe tun a asibiti. Tsoro kika ji, na gani."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa yayanki cewa ƙanwarsa ce, uwarsa na kwance? Kuma ni ma na yarda aka buga. Da na tsaya a kan a'a, da ba a kai nan ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka har masu lodi suka riƙa leƙowa.

Ya ce kamfanin ya buɗe reshe a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda, kuma ya nemi a mai da shi can. Ƙarshen wata zai tafi. Ya ce a garin nan ko kanti ya shiga sai ya ji ana raɗa, akwai masu tofar da yawu in ya wuce, yayarsa ma ta sha gori a wajen aikinta. Ya ce ko ƙamshin cakulan ya ji yanzu, zuciyarsa tashi take yi.

Sai ya durƙusa har fuskarmu ta yi daidai.

"Ki zo mu tafi, Autata. A ɗaura a can, ba taro, ba komai. Har yanzu ke ce."

Na tambaye shi Mama fa. Ya ce mu tafi da ita, zai ɗauke ta a bayansa in ta kama. Amma ni da shi mun san ba zai yiwu ba. Likita ta hana ta doguwar tafiya, Yaya kuma ba zai taɓa bari a fita da uwarsa zuwa gidan mutumin da ba ya iya haɗa ido da shi ba. Na ce to ya zauna, a hankali mutane za su manta. Ya girgiza kai, ya ce ya gwada wata shida, ya kasa.

"Ni na kwantar da ita, Dogo. Ba ta cin abinci sai a hannuna. In na tafi..."

"Na sani."

"Ka jira ni."

"Zan jira."

Bai tambaye ni har yaushe ba, don amsar ba ta faɗuwa. Ranar da zan samu 'yanci ita ce ranar da zan rasa uwata, kuma babu wani a cikinmu da zai roƙi Allah ya kawo ta.

Aka kira shi cewa lodi ya kammala. Ya hau mota, ni kuma awata ta cika.

Shekarar farko kullum yana kira. Yakan ce in sa wayar a kunnen Mama, ya gaishe ta, ya ba ta labarin garin da yake, ita kuma ta riƙa lumshe ido. Shekara ta biyu kiran ya koma na mako-mako. Ba faɗa muka yi ba, abin faɗa ne ya ƙare. Shi zai ce ya kai ruwa, ya dawo. Ni zan ce na juya ta, ta ci, ta yi barci. Sai mu yi shiru muna jin numfashin juna har ɗaya ya ce sai anjima.

A cikin shekara ta uku, wata Lahadi da azahar, ya kira. Daga yadda ya yi sallama na gane. Ya ce ba ya so in ji a bakin wani. Yayarsa da manyansa sun matsa, shekaru suna tafiya, akwai wata malamar makaranta a unguwar da yake, mai hankali. Ya ce bai ba su amsa ba tukuna. Ya ce in na ce ya ƙara jira, zai ƙara.

Na dubi Mama. Tana kwance a ɓarin hagu, gashinta ya yi fari fat, numfashinta daidai. Likita ta ce zuciyarta da ƙarfi, za ta iya shekara goma a haka, ni kuma kullum addu'ata ke nan.

"Ka aure ta," na ce.

"Auta..."

"Ka aure ta. Allah ya ba ku zaman lafiya. Ka riƙe ta da kyau."

Na ji yana kuka a can. Na kashe wayar kafin nawa ya fito.

Lokacin abincinta ya yi. Na ɗaga ta na jingina da matashi, na ɗaura mata tawul a wuya, na ɗauko kwano. Ta ƙi buɗe baki, ta kafe ni da ido, don duk abin da aka faɗa a kunnenta aka faɗa.

"Ɗanki zai yi aure, Mama," na ce. "Ki sa masa albarka."

Leɓenta ya yi ta rawa, tana ƙoƙarin haɗa wata kalma da ta ƙi haɗuwa. Ta ɗaga hannun hagu da ƙyar ta nuna ƙofa, ta ture ƙirjina, ta sake nuna ƙofa. Sau uku tana yi.

Na kama hannun na mai da shi kan cinyarta.

"Ba inda za ni."

Hawaye ya gangaro mata ta ido ɗaya. Na goge da bakin tawul, na hura cokalin har ya huce, na kai bakinta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta buɗe.